Bedin Kumandan a Ƙofar Agali

Agali bai taɓa dasa icce ba sai da furfura ta fara fito mashi a gemu. Kada wani ya ce lalaci ne, don wanda ya san shi ya san jakinshi ma ya fi shi samun hutu. Dalilin guda ne: duk inda ya zamna a duniya, ƙasar aro ce. Kuma a wannan yanki kowa ya sani, wanda aka ara wa ƙasa yana iya kafa bukka, ya shuka gero da wake, ya ɗaure akuyarshi, amma ba ya dasa icce. Gero damina guda ne ya tashi. Icce kuwa in ya kama ya zama shaida, gobe jikanka ya dafa shi ya ce nan na kakana ne. Shi ya sa mai ƙasa zai iya yafe maka komi, har satar dami, amma ran da ya gan ka ka tona rami ka sa ɗan icce, ran nan za ka naɗe tabarmarka.

Iyayenshi Bugaje ne, masu kiwon raƙuman wasu, yunwa ta koro su daga arewa yana goye. Ya tashi gefen Birnin Lalle, can ya auri Fadimata, ya share wani fage mai ƙaya ya mai da shi gona. Da gonar ta yi kyau sai mai ita ya tuna ashe yana da ɗa. Suka koma wajen wani gari, Mai Yara. Can ma ya zuba taki shekara da shekaru, ran da gero ya fi mutum tsawo aka yi mashi godiya aka nuna mashi hanya. Bai taɓa jayayya ba. Da wa za ka yi, a kan mi? Sai dai abin yana cin shi, yana cin shi ƙwarai, ko da yake mutum ne mai yawan dariya, irin wanda ake jin muryarshi daga rijiya tun ba a hango shi ba.

Da Nasara suka gina bariki a Dakoro gari ya fara kumbura, sai ya ɗora tarkacenshi a jaki ya shigo. Ya faɗa hannun Sha'ibu mai hatsi, wani Bakatsine da kayanshi ke zuwa Maradi har su ƙetara ƙasar Ingilishi. Sha'ibu ya ara mashi wani fili a bakin gari, shi kuma yana ɗaukar mashi buhu, yana jawo wa gidanshi ruwa. Gaskiya Sha'ibu ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya fi ƙaunar rigarshi da komi, in ƙura ta taɓa ta yini guda ba ka ganin haƙorinshi.

Ana nan sai ga sabon kumandan, Baturen da ke mulkin gari, siriri mai jan wuya, wanda Allah ya jarrabe shi da son abu miƙaƙƙe. In ya ga lungu ya karkace sai ka ce an taka mashi ƙafa. Kowace ranar kasuwa sankira ya fito da sabuwar doka: yau a share ƙofar gida, gobe a ɗaure awaki, jibi mahauta su kwashe jininsu su koma bayan gari. Mutanen Dakoro su ce to, su yi rabi. Daga nan ya sa aka ja igiya tun daga bariki har bakin kasuwa, aka kakkafa turaku, aka rushe duk dangar da ta shigo ciki, aka ce wannan ita ce babbar hanya. Igiyar nan ta bi ta ƙofar Agali, ko zanarshi guda ba ta taɓa ba.

Da ruwa ya zamna, sankira ya zo da wadda ta fi duka. Duk mai gidan da ƙofarshi ke kallon hanya za a ba shi ɗan icce daga lambun bariki, bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, ya dasa, ya kange, ya shayar da shi har rani ya fita. Kumandan da kanshi zai zagaya ya duba kafin wata damina. Wanda nashi ya rayu a yi mashi kyauta. Wanda nashi ya mutu ya kwana gidan kaso, da rana ya ɗauko tsakuwa a ka ya zuba wa hanya.

Kai, ranar an yi ƙunƙuni a Dakoro! Garin da rijiyarshi sai sa ya ja igiya ya yi nisa har ka daina jin kukanshi kafin guga ya fito, garin da mata ke dambe a kan rabin tulu, nan ne za a ce a ba icce ruwa? Iccen ma mai ɗaci, wanda ko ɗiyanshi ba a ci. Tsofaffi suka ce tun da aka halicci duniya Allah ke shuka itatuwanshi, bai taɓa neman taimakon kumandan ba.

Mai rabon itatuwan wani gardi ne, ɗan sandan kumandan, mai jar hula, Samba, Hausarshi duk a karye. Da ya zo kan filin bakin gari aka ce mashi na Sha'ibu ne, sai ya tafi ya iske shi tsakiyar awo. Sha'ibu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce a kai wa Agali, shi ke kwana can.

Haka Samba ya zo ya danƙa wa Agali wani tsohon gwangwani da ɗan tsiro a ciki, bai wuce tsawon ludayi ba. Agali ya dubi gwangwani, ya dubi gardi. Ya tambaya ko shi ne zai tona ramin. Aka ce shi. Da hannunshi? Aka ce da hannunshi. Kuma maigida Sha'ibu ne ya faɗa da bakinshi? Samba ya zaci irin zillewar da ya sha a sauran gidaje ce, har ya fara kwance bulala. Kafin ya ɗaga ta Agali ya ruga bayan bukka, aka ji kaji sun watse, ya dawo da zakara yana haki ya tura mashi a hammata, yana ta sa mashi albarka, shi da uwar da ta haife shi. Samba ya tafi yana waiwaye. Tun da ya fara aikin gardi ba a taɓa gode mashi don ya kawo wahala ba.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Agali ya shiga gida riƙe da gwangwani da hannu biyu, yana rawa da kafaɗa. Fadimata tana tankaɗe, ta bar shi ya gama murnarshi, sannan ta ce, “Bawan Allah, zamna in gaya maka. Icce na kumandan ne, ƙasa ta Sha'ibu. Naka a ciki gumi ne kaɗai.”

Ya ce, “Wa zai tona ramin?”

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya ce, “To.”

Washegari ya naɗa rawaninshi na salla, ya bi maƙwabta gida gida yana kiran su su zo su gani. Suka zo, don ba kullum ake samun abin dariya kyauta ba. Ramin da sauran mutane suka tona da dunduniya, shi sai da ya shige nashi har ƙugu, ya cika shi da takin awaki, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sa tsiron, ya danne ƙasa da tafin hannu. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya ya ce su riƙe a ransu sun gani. Wani maƙwabcinshi, Ɗangoggo, ya ce sun gani, in an yi suna a kira su cin tuwo.

Damina ta ɗauke, rani ya shigo, itatuwan hanya suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na wani akuya ta cinye, na wani gara, na wani kuwa tun ran da aka dasa shi bai ƙara ganin ruwa ba. Ɗangoggo da nashi ya bushe sai ya samo dabara: duk ranar da ya ji gardi zai wuce, ya karyo ɗanyen reshe ya soka a ramin ya yayyafa mashi ruwa. Agali kuwa, salkar farko da ya jawo kowace safiya ta bedi ce. Ruwan alwalarshi a gindin bedi yake zuba, ruwan wankin geron Fadimata ma ba ya barin ta watsar. Ya saro ƙaya ya yi mashi shinge wanda ko ɓera sai ya yi tunani. Ya zuba toka saboda gara. In ba kowa kusa ya tsuguna ya yi mashi magana da harshen uwarshi. Fadimata ta ce ita da ta haifa mashi ɗiya bai taɓa tambayar ta ko ta sha ruwa ba. Ya ce ita ai tana da ƙafar zuwa randa.

Icce kuwa ya ji daɗi ya miƙe. Ya kai mashi gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, kuma kowane mataki sai duk rijiya ta ji labari. Kafin bazara ya wuce shingen, ya wuce kan Agali, kore shar, shi kaɗai a hanya duka. Matafiya na tsayawa su kalle shi. Agali in ya hango shi daga nesa sai ya ji ƙirjinshi ya cika har ya rasa wa zai gaya wa, ya gaya wa jaki.

To, abin da ya yi kyau ba ya rasa mai shi. Wata rana Sha'ibu ya biyo ta hanyar, ya tsaya ya ɗaga kai, ya shafa gemu. Tun daga ran nan a kasuwa ba ka jin komi bakinshi sai bedina, bedina. Wani ɗan'uwanshi ya tsokane shi, ya ce yaya mai fili kamar shi zai bar baƙo ya dasa icce a ƙasarshi? Sha'ibu ya yi dariya ya ce wanda aka aika ya dasa, ai hannun mai aiken ne. Ya ƙara da cewa ranar zagaye shi zai tsaya gindin iccenshi, kuma tun da wurin ya zama bakin babbar hanya, bayan damina kanti zai gina a nan.

Agali na bayanshi da buhu a ka, ya ji duka. Baƙin cikin da ya ji ran nan bai ji irinshi ba ko a Mai Yara. Don ya san maganar ba ƙarya ba ce. In Sha'ibu ya tsaya gaban mai gari da kumandan ya ce nashi ne, aka karɓa, shi ke nan, iccen da ya raina da ruwan alwalarshi shi ne zai zama babbar shaidar da za a kore shi da ita. Ya dawo gida ya rantse ba ya ƙara ba shi ko ɗigo. Ya yini guda a kan rantsuwarshi. Washegari da ya ga ganyen saman sun sunkuyar da kai, ya zage shi tas, ya kwance salka ya juye mashi duka.

Ranar zagaye gari ya tashi tun da sassafe kamar salla. Mata na yayyafa wa hanya ruwa, makaɗa sun taru bakin bariki, masu matattun itatuwa na ta kai da kawowa suna neman wanda zai ce sun yi tafiya. Sha'ibu ya aiko cewa yana nan tafe, Agali ya share wurin, in manya sun iso kuma ya ja baya. Agali ya ce to. Ya jiƙe gindin iccen sharkaf, ya ga ganye da ƙura, ya ce ko na wa ne ba za a gan shi da datti ba, ya kora jaki ya koma rijiya.

Bayan tafiyarshi wani mai raƙuma, Intalla, ya iso ɗaukar hatsin Sha'ibu. Aka ce mashi yau ba dabbar da ke taka hanyar kumandan. Sai ya ja raƙumanshi gefe, daidai dangar Agali, ya tafi neman mai hatsi. Shingen nan an yi shi ne don akuya. Ba wanda ya tuna da mai dogon wuya. Wani amale ya miƙa kai ta sama cikin natsuwa, ya haɗa kan bedi duka a baki, ya fizga. Ƙasa kuwa ta sha ruwa ta yi laushi, icce ya taho har saiwa.

Agali ya dawo ya iske Fadimata na bin raƙumi da taɓarya tana zagin kakanninshi, raƙumi na tauna abinshi, saiwa na reto a leɓenshi. Abin da suka ƙwato sanda ce tsirara, ba ganye ko ɗaya. Ya mai da ita ramin, ta faɗi. Ya sake kafa ta, ta karkace. Sai ƙaton mutumin nan ya zamna dirshan a ƙasa ya fashe da kuka, kuka na gaske, irin na wanda aka yi wa mutuwa. Ga icce ya tafi, ga gida zai tafi, ga kaso.

Kiɗa kuwa na matsowa. Kumandan na gaba yana tafe da ƙasa, fuskar nan ja wur, mai gari da liman da tafinta na biye. Can baya ga Samba riƙe da igiya, an jera waɗanda aka kama, har da manyan gari masu rawani, har da Ɗangoggo wanda kumandan ya zare reshenshi da yatsa biyu. Daidai nan Sha'ibu ya ɓullo ta lungu cikin rigarshi mai shuni, tana walƙiya, turare na tashi. Ya ga sanda a karkace. Ya ga igiya. Ya juya zai koma, Samba ya riga ya nuna shi da baki.

Kumandan ya yi magana, tafinta ya ce ana tambaya iccen nan na wa ne. Sha'ibu ya ce shi ina ruwanshi, gidanshi na tsakiyar gari, kowa ya sani. Tafinta ya ce amma an ce filin nashi ne.

Sha'ibu ya ce, “Da can ne. Na ba bawan Allah nan tuni, kyauta, saboda Allah. Shi ya tona, shi ya dasa, ga maƙwabta nan a tambaye su.”

Daga cikin igiya Ɗangoggo ya ɗaga murya ya ce ƙwarai, da idonsu suka gani.

Kukan Agali ya tsaya cak. Ya ɗago kai, majina har gemu. Ya ja gwiwa zuwa gaban mai gari ya faɗi, ya ce, “Ranka ya daɗe, kuka ya toshe mani kunne. A ce maigida ya sake faɗa, liman ya ji.”

Mai gari tsoho ne, ya ga jiya ya ga yau. Ya ja amawali ya rufe baki, amma idonshi na dariya. Ya ce, “Sha'ibu, ƙasar nan ta wa ce?”

Sai a lokacin Sha'ibu ya gane abin da bakinshi ya yi. Magana zarar bunu ce. Ya dubi filin, bakin hanya, wurin kanti. Ya dubi igiyar Samba, ya tuna kwandon tsakuwa a kan mutum gaban matan gari duka. Ya dubi rigarshi. Kumandan na buga sanda a takalmi.

Sha'ibu ya ce, “Tashi ce.”

Mai gari ya ce, “Har ɗiya da jikoki?”

Sha'ibu ya ce har su. Liman bai jira an ce mashi komi ba, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Kumandan bai san mi ake wa fatiha ba, kuma bai damu ba. Ya ce a sa mai iccen cikin igiya. Kafin Samba ya motsa Agali ya zabura ya miƙa mashi hannu biyu, hawaye na zuba yana ƙyalƙyala dariya, yana cewa a ɗaure da kyau. Fadimata ta yar da taɓarya ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka amsa, makaɗa da ba su san dalili ba suka ƙara wuta. Kumandan ya tambaya ko mutumin nan mahaukaci ne. Tafinta ya ce rana ce ta buge shi.

Kwanakin da ya yi yana ɗaukar tsakuwa, an ce ba a taɓa ganin ɗan kaso mai waƙa irinshi ba. Sauran na tafiya kamar an doke su, shi yana sassarfa. Matsalarshi guda: duk kwandon da ya ɗauko so yake ya juye shi a ƙofar gidanshi, sai Samba ya daka mashi tsawa ya kora shi gaba. Sha'ibu ya yi fushi ya daina amsa gaisuwarshi, har ran da ya rasa mai ɗaga buhu kamar shi ya aika aka kira shi. A filin nan Agali ya ƙare kwanakinshi, ba wanda ya ƙara nuna mashi hanya.

Amma shi in yana ba da labari ba ya tsayawa kan fatiha ko guɗa. Ranar da aka sake shi yake faɗa. Ya taho da la'asar, kai duk ƙura, wuya a sanƙare. Daf da ƙofarshi ya iske wani baƙo da jaki da mata da kaya, sun sha tafiya, suna leƙen danga. Baƙon ya yi mashi sallama, ya tambaye shi don Allah ko ya san mai gidan nan, wurin sauka suke nema.

Agali ya dubi baƙon, ya dubi ƙofarshi. Ya tsaya ya gyara murya, ya goge fuska da gefen rawani.

Ya ce, “Ni ne. Sauke kayanka.”